Taron da ba a yanka masa ranar ƙarewa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani abu da mutane suke ɗauka ƙarami ne, alhali yana cin lokacin ma'aikata da yawa ba tare da sun ankara ba, wato yadda ake tsara taro ko aikin da ke maimaituwa a cikin manhajojin aiki irin su Google Calendar da Outlook da Teams. Na shafe shekaru ina riƙe wa sashenmu kalanda, na kuma yi kurakuran da suka ishe ni darasi, don haka abin da zan faɗa daga gogewa ya fito.

Abu na farko da ya kamata mai amfani da waɗannan manhajoji ya fahimta shi ne, idan ya danna wurin da ke cewa a maimaita, manhajar ba ta zauna ta rubuta masa ranaku hamsin da biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da take ajiyewa shi ne ranar farko da kuma ƙa'ida guda: sau nawa za a maimaita, wace tazara za a bari tsakani, wace rana ce a cikin mako ko wata, kuma yaushe za a tsaya. Duk lokacin da mutum ya buɗe wani wata a kalandarsa, daga wannan ƙa'ida ake lissafo ranakun a nuna masa. Akwai tsari na bai ɗaya da manhajoji suka amince da shi a kan haka, mai suna iCalendar, wanda aka fitar a 1998 aka kuma sabunta shi a 2009 cikin takardar da ake kira RFC 5545, kuma albarkacinsa ne gayyatar da aka aiko daga Outlook take buɗuwa a Google Calendar ba tare da an sake rubuta ta ba. A wannan tsari hanyoyi biyu ne ake tsayar da maimaituwa, ko dai a ba da ranar ƙarshe, ko a ba da adadin zaman da za a yi. Idan ba a ba da ko ɗaya ba, taron zai ci gaba har illa masha Allahu.

Na fahimci ma'anar wannan ne ranar da na yi gyaran gangar Abzinawa. Muna da taro duk Talata da ƙarfe goma na safe, mu goma sha biyu, sai wani mako shugaban sashe ya nemi a mayar da shi ƙarfe biyu na rana saboda wani uzuri da ya taso masa. Na ja taron da linzamin kwamfuta na sauke shi a kan ƙarfe biyu, wani ɗan akwati ya fito a allo yana tambayata ko wannan zaman kaɗai nake nufi, ko shi da waɗanda ke biye da shi, ko duka gaba ɗaya, ni kuwa hankalina na kan wayar da nake amsawa, sai na zaɓi na ƙarshe na danna. Kafin in ajiye wayar saƙo ya isa ga mutum goma sha ɗaya cewa an mayar da taron Talata ƙarfe biyu har abada, ɗakin da muka saba zama ya kuɓuce mana da safe domin wani sashe ya riga ya kama shi, kuma sai da na kwashe kusan awa guda ina bin mutane ina ba su haƙuri.

Wannan ɗan akwati shi ne wurin da ya fi cancantar a dakata a karanta. Zaɓin farko yana ware zama ɗaya ne kawai ya yi masa togaciya, ƙa'idar kuma tana nan yadda take. Zaɓi na biyu yana raba jerin zaman taron gida biyu, ya rufe tsohon a inda aka tsaya ya buɗe sabo daga ranar, kuma shi ne ya dace idan canjin na dindindin ne, domin yana barin tarihin zaman da aka riga aka yi yadda yake. Na uku yana taɓa ƙa'idar kanta, har da ranakun da suka wuce. A Outlook ma, idan mutum ya sauya tsarin maimaituwar jerin baki ɗaya, manhajar takan gargaɗe shi cewa gyare-gyaren da aka yi wa ɗaiɗaikun ranaku za su ɓace, wanda ke nufin zaman da aka ɗage ko aka soke a baya saboda hutu yana iya dawowa mazauninsa na asali. Mutane da yawa sukan danna amincewa ba su karanta gargaɗin ba, daga baya kuma su ɗora wa kwamfuta laifi.

Sai kuma batun ranaku, inda harshenmu na yau da kullum yake da sassauci amma manhaja ba ta da shi. Idan aka ce a riƙa aika rahoto duk ƙarshen wata, mai tsarawa yakan ga yau 31 ga wata ce ya ce a maimaita duk wata, ya manta cewa watanni bakwai ne kacal a shekara suke da kwana 31. Bisa tsarin iCalendar, ranar da babu ita tsallake ta ake yi, don haka ba za a ga komai ba a Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba, yayin da Outlook yake sanar da mutum cewa zai ɗora abin a kan ranar ƙarshe ta irin waɗannan watanni. Ke nan abokan aiki biyu masu manhajoji daban suna iya ba da umarni iri ɗaya su samu sakamako daban. Haka nan Juma'a ta huɗu ba ita ce Juma'a ta ƙarshe ba a watan da ke da Juma'a biyar, kuma taron da ake yi duk bayan mako biyu yana zuwa sau 26 a shekara, alhali wanda ake yi sau biyu a wata sau 24 yake zuwa. Wanda ya sa abu ya riƙa dawowa duk shekara a ranar 29 ga Fabrairu kuwa, sai ya duba da kyau ya ga abin da manhajarsa take yi da shekarun da babu wannan rana. Dabarar da na koya mai sauƙi ce: bayan na ajiye jerin, nakan leƙa watanni huɗu ko biyar na gaba in ga da idona inda ranakun suka faɗa kafin in aika wa kowa gayyata.

Ga masu aiki da abokan hulɗa a wasu ƙasashe akwai ƙarin tarko, wato sauyin agogo. Yawancin jihohin Amurka suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris su dawo da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba, ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya kuma suna yin nasu a Lahadi ta ƙarshe ta Maris da Lahadi ta ƙarshe ta Oktoba, ƙasashe da yawa kuwa ba sa taɓa agogonsu ko kaɗan. Taro mai maimaituwa yana bin agogon yankin da aka ɗaura shi a kai lokacin da aka ƙirƙire shi. Idan an ɗaura shi a kan agogon Landan da ƙarfe uku, to zai zauna a ƙarfe uku ga mutanen Landan duk shekara, amma ga wanda ƙasarsa ba ta sauya agogo zai riƙa motsawa da awa ɗaya sau biyu a shekara. Tsakanin Landan da New York ma, tazarar awa biyar da aka sani tana komawa huɗu na mako biyu ko uku a Maris da kuma mako ɗaya a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ya kamata mahalarta su yi magana tun farko su yanke shawarar agogon wa za a bi, maimakon a bar shi ga wanda ya riga kowa danna maɓalli.

Ba zan tsawaita a kan kalandar da ke bin tsayuwar wata ba, illa in ce tunda shekararta ta gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, umarnin a maimaita duk shekara ba zai kama ranar da ake so ba sai in manhajar ta san wannan lissafi. An ƙara wa tsarin iCalendar hanyar yin haka a 2015, amma ba kowace manhaja ce ta ɗauka ba. Haka kuma akwai bambanci tsakanin taro da aiki. Taro yana da ranarsa ko an halarta ko ba a halarta ba, amma aiki kamar sauya kalmar sirri ko duba na'ura ya fi dacewa a ƙirga tazararsa daga ranar da aka kammala na baya, kuma wasu manhajojin suna da wannan zaɓi a sashen ayyuka.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne taron da ba shi da ranar ƙarewa. Kafa shi ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma rushe shi yana bukatar wani ya tashi ya ce ba a bukatarsa, kuma mutane kaɗan ne suke son su zama masu faɗin haka a gaban shugaba. Taron awa ɗaya na mutum takwas, idan ana yin sa duk mako, ya cinye awa 416 na aikin mutane a shekara, kuma babu wanda ya taɓa zama ya amince da wannan adadi, domin abin da aka amince da shi tun farko shi ne a riƙa haɗuwa har a gama wani aiki. Aikin ya ƙare, taron ya zauna, ya zama ƙarfen ƙafa. A wurinmu akwai wani jeri da wata abokiyar aiki ta kafa kafin ta bar aiki, wanda ya ci gaba da fitowa a kalandar kowa duk Alhamis yana riƙe da ɗaki fiye da shekara guda, saboda mai shirya taro ne kaɗai yake da ikon soke shi ga kowa; idan mahalarci ya goge, daga tasa kalandar kawai ya goge. Sai da muka nemi mai kula da asusun ma'aikata ya sa hannu kafin aka rabu da shi. Tun daga lokacin muka sa miƙa ragamar tarurruka cikin abubuwan da mai barin aiki zai yi kafin a rufe asusunsa.

Wasu kamfanoni sun ɗauki mataki mai tsauri a kan wannan matsala. A watan Janairun 2023 kamfanin Shopify na ƙasar Kanada ya share daga kalandar ma'aikatansa tarurruka masu maimaituwa da suka ƙunshi fiye da mutum biyu, ya bar wa masu bukata su sake tunani kafin su dawo da su. Ni dai ban ga ya zama dole a kai ga haka ba, domin sharar gaba ɗaya takan tafi da mai amfani da marar amfani. Ya isa a ce kowane jeri a yanka masa wa'adi na wata uku ko shida, a rubuta a cikin bayaninsa dalilin kafa shi da sunan wanda ke da alhakinsa, ta yadda idan wa'adin ya cika sai wani ya miƙa hannu da gangan ya sabunta shi. Na san wasu za su ce wannan ƙarin wahala ne, kuma akwai haɗarin a manta a sabunta taro mai muhimmanci. Gaskiya ne hakan na iya faruwa, amma taron da yake da muhimmanci ba ya ɓacewa mako biyu ba a tambayi inda ya shiga ba, kuma ana iya sa tunatarwa guda ɗaya a mako na ƙarshe na jerin.

Ina ba da shawara ga shafinku na kimiyya da fasaha da ya ware wani mako ya nuna wa masu karatu waɗannan matakai da hotunan allo, musamman akwatin nan mai zaɓi uku da wurin da ake sa ranar ƙarewa, domin a wasu manhajojin sai an shiga sashen tsarawa na musamman kafin a gan shi. A makon jiya na buɗe tawa kalandar na tarar da jeri biyar da ba su da wa'adi, uku daga ciki ni na kafa su da hannuna. Na soke ɗaya, na sa wa biyu ƙarshen watan Yuni, sauran biyun kuma na rubuta wa masu su ina jiran amsa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani ma'aikacin ofis, mai karanta jaridarku.