Farfela biyun Chinook ba ado ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan manyan jirage masu saukar ungulu na jigilar sojoji, na kuma ji daɗinsa. Sai dai marubucin da mudu ɗaya ya auna su duka: wa ya fi ɗaukar kaya. In haka ne ai babu gardama, Mi-26 na Rasha ne sarki. Ya fara tashi a 1977, farfelarsa fikafikai takwas gare ta, yana ɗaga tan 20. A 2002 ma shi aka ɗauko haya a Afganistan ya sauko da wani Chinook, jirgi mai saukar ungulu na sojojin Amurka, da ya lalace a kan tsauni.

Abin da aka tsallake shi ne dalilin da ya sa maƙeran Chinook suka ɗora masa farfela biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk lokacin da inji ya juya farfela ta wannan gefe, gangar jikin jirgin sai ta nemi juyawa ta ɗaya gefen. Yawancin jirage da ƙaramar farfelar wutsiya suke tare wannan, ita kuwa cin ƙarfin inji take yi ba tare da ta ɗaga kayan a zo a gani ba. Na Chinook kuwa saɓanin juna suke juyawa, kowace na kashe karkatar 'yar'uwarta, ƙarfin duka ya tafi ga ɗagawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kan tsaunuka, inda iska ba ta da kauri kuma inji ke galabaita. Ga shi bayan jirgin a sake yake, har matuƙi kan ɗora tayoyin baya kaɗai a bakin dutse, gaban na lilo a sarari, mutane su shiga ta ƙofar baya.

Ba a banza ake samun wannan ba fa. Fikafikan gaba da na baya suna ratsa hanyar juna, dogon sandan ƙarfe ne ke haɗa su don kada su yi karo. Da wannan daidaito ya ɓaci a Manhaim ta Jamus a 1982, mutum 46 suka rasu.

Ina roƙon in za ku sake taɓo batun, ku nemo makanikin jirgin sama ya yi mana bayanin yadda giyar injin Chinook ke aiki. Jirgin da ya fara tashi tun 1961 kuma har yau ake ƙera shi ya wuce a ba shi layi biyu.

Naku,
Wani mai karatu