Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum, mutumina. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal da ruwanta? Mu nan Kano zafi sai godiya.

Na ga saƙonka, wai Corollar nan ta mayar da kai mai neman 'yan turi kowace safiya, har kana shirin sayen sabon batir. Don Allah dakata tukuna. Haka na yi bara. Na sa sabo fil ranar Litinin, ran Alhamis da daddare muna dawowa daga Zariya, daidai Kwanar Dangora, sai fitilun gaba suka soma dushewa kamar aci-balbal ta sha iska, rediyo ya ɗauke, mota ta yi tsit a gefen titi. Uwargida ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi. Ka dai san kallon.

Ashe batir ba shi da laifi. Shi randa ce kawai, altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji in inji na aiki, ita ce mai zuba masa ruwa, in ta daina kuwa ko randar zinariya ce sai ta ƙafe.

Ka je wajen mai wayarin, ba bakanike ba, ka sa ya ɗora mita a kan batir kana tsaye. Mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen volt 12.6. A tayar da ita, ya kamata ya haura tsakanin 13.8 da 14.5. Sai ku kunna fitilu da AC ku sake dubawa. In ya maƙale a 12 ko yana gangarowa, caji ne babu. In kuma ya kai 14 amma da safe ta ƙi tashi, to ko batir ya gaji, ko wani abu na zuƙe shi cikin dare. Jar fitilar nan mai hoton batir tana kamawa kana tafiya? Ba ka faɗa mini ba.

Kafin a kwance komai, a duba bel ɗin da ke juya altaneta ko ya saki, da kan batir ko ya yi farin garin nan. Kuma kada ka yarda wani ya cire kan batir inji na aiki wai gwaji yake. Dabarar tsofaffin Fijo ce. Motarka da kwamfuta a ciki, wuta na iya yin tsalle ta ƙona ta.

Altanetata da aka buɗe, kabon da ke kai wuta a cikinta ne ya cinye, 'yan guntaye biyu da ba su kai kan ɗan yatsa ba. Yaron ya zuba mini su a tafin hannu yana dariya, ni kuwa har na gama tayin wata altaneta ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa.

Ka rubuto mini lambobin da mita ta nuna. A gaida madam da yara, a ce wa auta kawu na nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Naka har kullum.