Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni Dalilin Da Ya Sa Har Yanzu Nake Da Rai

Ranka ya daɗe,

A taron masu sana'ar feshi da kamun dabbobi da aka yi kwanan baya, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa, idan aikin nan yana da haɗarin da nake ta faɗa, yaya aka yi na shekara 20 ina goyon tankin feshi kuma ga ni da raina. Ka ƙara da cewa duk ma'aikacin da ya ji ciwo gangancinsa ne ya ja masa, ni kuwa ina tsorata mutane ne domin a riƙa gayyata ta bita ana biya na. Aka yi dariya, aka ce lokaci ya ƙure.

Zancen kuɗin bita ba zan tsaya a kansa ba, waɗanda suka zauna a gabana sun san abin da na karɓa. Batun raina kuwa, na gode da ka lura, sai dai waɗanda suka fi ni cancantar wannan tambaya sun daina zuwa taro.

Kalmar ganganci ce ta yi mini zafi, domin na san yaron da aka jefa da ita. Wani kamfani da na yi wa aiki ya turara sito da ƙwayar aluminiyam fosfaid, wadda da zarar ta ji danshi take sakin iskar fosfin, gubar da ba ta da makari, kuma warinta ba abin dogaro ba ne. Aka tura yaron ya buɗe siton kafin siton ya sha iska saboda motar ɗaukar kaya tana jira, ba na'urar auna iska a hannunsa, a fuskarsa kuma takunkumin ƙura ne, wanda bai tare iskar gas ko kaɗan. Ya rayu da ƙyar bayan ya kwana biyu a asibiti. Ba shi ya zaɓi maganin ba, ba shi ya tsayar da lokacin buɗewa ba, ba shi ya sayo takunkumin ba, amma a rahoton da aka rubuta shi kaɗai ne mai laifi.

Haka abin yake ga magungunan ƙwari dangin oganofosfet, irin su DDVP, waɗanda suke shiga ta fata su danne sinadarin kolinestares da jijiyoyi ke buƙata. Mutum ya fara zufa da dalalar miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi wuya, shi kuma yana zaton gajiya ce. Ana iya gano wannan tun da wuri ta gwajin jini kafin ma'aikaci ya fara aiki da kuma lokaci-lokaci bayan haka, kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta shi ga masu yawan mu'amala da waɗannan magunguna tun shekarun 1970. Ma'aikaci ba ya iya auna jininsa da kansa, Alhaji.

Mai shiga silin neman ɓera kuwa, bayan tsani da katakon da ya ruɓe, yana shaƙar ƙurar kashin ɓera, hanyar da cutar hantabairos, mai kama huhu, ta kashe mutane a kudu maso yammacin Amurka a 1993, kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969. Jiƙa kashin da ruwan bilic kafin a kwashe shi yana rage haɗarin sosai, amma yana cin lokaci, kuma wanda aka ba gida biyar a wuni tsintsiya zai ɗauka. Masu kamun karnuka da jemagu suna buƙatar allurar rigakafin haukar kare kafin cizo, tunda cutar in ta bayyana kusan babu mai tashi. Ma'aikatan gandun daji da ke kwantar da giwa ko karkanda da allurar etofin, wadda ɗigonta kan iya tsayar da numfashin mutum, ba sa taɓa ta sai da makari a kusa da abokin aiki a gefe, kuma ban taɓa jin an kira su matsorata ba.

Ka san, ko ya kamata ka sani, cewa Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, ta ce kada ma'aikaci ya biya kuɗin kariyarsa daga aljihunsa, kuma kada a hukunta shi don ya janye daga aikin da yake ganin zai halaka shi. Ban yi mamaki ba da kalmar ganganci ta fito daga bakin mai biyan albashi, domin ta fi matatar takunkumi araha, ta kuma fi gwajin jini araha. Laifi tudu ne.

Za a sake taro, kuma zan nemi a ba ni minti biyu. Ina roƙon ka zo da takardar da ke nuna ranar da aka canza matatun takunkuman yaranka, da sakamakon gwajin jininsu na ƙarshe.

Naka,
Tsohon mai feshi