Ɗakin kwamfutarmu yana nan a kulle, makullin yana aljihun mutum ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah a ɗan sammin fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina a rai kan maganar nan ta shigo da fasahar zamani cikin aji, wadda yanzu ba taron ilimin da za a yi a tashi ba a ambace ta ba.

Ni malamin makarantar gwamnati ne, lissafi da kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, na haura shekara goma ina shaƙar ƙurar alli. A makarantarmu akwai ɗakin kwamfuta, eh akwai shi, harda labule da allon suna a bakin ƙofa, ranar da aka kawo kayan an kafa rumfa an yanka zare an ɗau hotuna an ci shinkafa an watse. Tun daga ranar kwaɗo ne a ƙofar. Makullin yana wajen mutum ɗaya, shi kuma bawan Allah ban ga laifinsa ba tunda ance masa ko maus ɗaya ya ɓata a albashinsa za a cire, to wa zai buɗe? Ga ba wuta, janareton da aka haɗo mana dashi kuwa tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ya ƙara jin kukansa. Rannan da akace baƙi zasu zo duba makaranta aka buɗe, sai da muka sa yara suka wuni suna kaɗe yana da kashin ɓera, wasu wayoyin ma ɓerayen sun gaigaye su. Amma a takarda mu makaranta ce mai kayan zamani. Shi kuma malamin kwamfuta yana can aji yana zana maus da alli a jikin allo, harda jelarsa, yara su kwafa su haddace su ci jarrabawa.

Ranka ya daɗe, JAMB fa tun 2015 ta daina jarrabawar takarda gaba ɗaya, komai a kwamfuta ne, ita ma WAEC a 2024 ta fara yiwa masu zana jarrabawa daga waje a kwamfuta. Akwai wata tsohuwar ɗalibata, yarinya ce mai kai wallahi, lissafin da nake bata sau ɗaya take kamawa, mahaifinta ya roƙeni in rakata da ƙawayenta wajen gwaji kafin ranar JAMB. Da aka zaunar da ita akace ta taɓa maus sai ta ɗaga shi sama ta nuna fuskar kwamfutar dashi kamar rimot ɗin talabijin, wasu samari a gefe suka kwashe da dariya, yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ja hijabi ta rufe fuska, har muka fito bata ƙara cewa uffan ba. Shekara uku tayi tana wucewa ta bakin wancan ɗakin namu mai kwaɗo. Ni naji kunyar ta fi ta.

Daga ranar nace ba zan ƙara jiran makulli ba. Na samo kwalayen taliya daga mai shago muka yanka, kowane benci suka zana kibod ɗinsu da maka, harafi a inda yake a na gaske. Dama JAMB ta sauƙaƙa abin, ko baka iya maus ba haruffa kaɗan sun isheka, A B C D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. Sai mu yi ta atisaye a kan kwali, ni ina karanto tambaya suna dannawa, sannan lokacin tara a shigo ofis bibbiyu a taɓa tsohuwar laftof ɗin ƙanina da na aro, minti goma goma. Wasu abokan aiki sun min dariya sunce wasan yara nake, to naji, amma yanzu ɗan ajina in ka ce masa ina N ba sai ya yi ta lalube ba.

Wannan abin na a sayo na'ura a jibge ba yau aka fara ba. Masu shekaru irin nawa zasu tuna 2007 da aka kai ƙananan laftof masu launin kore da fari makarantar firamare ta Galadima a Abuja, waɗanda ake ta tallarsu a duniya da sunan kwamfutar dala ɗari, kowane yaro da tasa. A 2013 jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare tablet mai suna Opon Imo. Yau ina labarinsu? Ni wanda ya ɗan burgeni shine na jihar Edo da suka faro a 2018, su malami suka baiwa tablet ɗin, darasin ranar yana ciki, kuma na'urar tana nuna ko malam ya shiga aji ko yana gindin bishiya ana hira. Bana son yadda abin yake neman maida malami aku yana karanto abin da wani ya rubuta masa kalma da kalma, amma sun gane abu ɗaya, kayan aikin a hannun mai aikin ya kamata ya zauna.

Kuma kayan aikin nan da yawanmu yana aljihunmu. Wayata ba wata babba bace, fuskarta ma a tsage take, amma da ita na koyar da zagayawar jini fiye da yadda na taɓa yi da alli. Da daddare nake sauke bidiyo lokacin da data tafi araha, in tura wa sauran malamai ta Xender ba sai sun kashe tasu ba, da safe in haɗa da 'yar sifikar bulutus irin ta masu tallan magani. Ajina yara sun haura tasa'in, wasu a benci wasu a ƙasa wasu a kan taga, dan haka layi layi nake bi da wayar a hannu, masu jira kuma in sa su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun jijiyarsu na minti ɗaya, su yi tsallen kwaɗo sau ashirin su sake ƙirgawa. Ranar ajin kamar kasuwar Kurmi, har shugaban makaranta ya leƙo ya ɗauka faɗa ake. Akwai kuma PhET, manhajar gwajin kimiyya a fuskar waya ko kwamfuta, ta jami'ar Colorado a Amurka, kyauta ne a shafinsu, yaro zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila da yatsansa ya ga ya kama, mu da bamu da ɗakin gwaji wannan ba ƙaramin rufin asiri bane. Wata malamar Turanci a wajenmu ita naɗar muryar yaro take yi yana karatu ta kunna masa, da kansa yake gano inda ya yi tuntuɓe. Duk wannan da kuɗin aljihunmu ne fa, kuma tunda aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 data ta zama sai ka yi lissafi kafin ka taɓa.

Na san akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussa ne na intanet masu kyau kuma kyauta, ina turawa iyaye. Sai dai yawancin iyayen yaranmu wayarsu, a gafarceni, rakani kashi ce. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu rediyo ce ta kai darasi har ƙauye, ban san dalilin da yasa muka yi sakaci da ita ba daga baya.

Dabarar da ta fi min amfani ma ko caji bata buƙata. Wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta fito da ita, an gwadata a nan Borno da Kano, wai a raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya ba gwargwadon ajin da suke ba, masu harafi daban, masu kalma daban, masu iya karanta labari daban. Da aka mana bayani a bita sai da nayi murmushi, nace to wannan ai makarantar allo ce, kowa da allonsa kowa da inda ya tsaya, malam ya biya maka naka, ba a wanke maka sai ka iya, babba kuma ya biya wa ƙarami. Abin yana gidanmu sai da ya zaga ta Indiya muka yarda dashi. Ina da yara a aji ɗaya na sakandare da basu iya ɗebewa mai aro ba, in na biye wa manhaja na shiga aljebra dasu zaluntarsu nayi. Rabin awa nake warewa da safe, tsinken tsintsiya a ɗaure goma goma da kyauro, marafan lemo su zama ɗaiɗai, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga abin da ake nufi da aro. Wani da ya shekara yana ɓuya a bayan aji ranar da ya gane sai cewa yayi, malam dama shikenan abin?

Sai maganar AI da ta shigo yanzu, wato manhajar nan da kake tambaya ta rubuto maka amsa, malamai sun samu mai rubuta musu lesin not, wato tsarin darasi. Nima ina amfani dashi ban ɓoye ba, yana rage wahala musamman wajen fitar da tambayoyi. Amma dan Allah 'yan uwana mu dinga karantawa kafin mu kwafa, naga wanda ya shiga aji da misalin yara suna sayen tuffa da dala a lokacin dusar ƙanƙara, yaran da ko a mafarki basu taɓa ganinta ba, alhali ga mangwaro da naira a bakin get.

Abin da nake roƙon hukumomi ba mai yawa bane. Kafin a ƙara sayo kwamfuta ko ɗaya a fara sa sola a ɗakunan da ake dasu, ko da mai ɗaukar guda goma ce, a kuma cire wa mai riƙe da makulli wannan tsoron, na'urar da ta lalace a hannun yara ai ta yi aikinta, a ware kuɗin gyara kawai. Bita kuma a daina kaita otal kwana biyu ana zaɓen 'yan lele suna karɓo alawus da jaka, a zo makaranta a yi ta a cikin ajin mai yara tasa'in, mai koyar damu ya gwada dabararsa a gabanmu mu gani. In da hali a ɗan saka wa malamai data duk wata.

Kai kuma ranka ya daɗe Edita, ina roƙon ka tura wakilinka makarantun gwamnati ko guda biyar, ranar Talata da hantsi, ba tare da an sanar ba, yace a nuna masa ɗakin kwamfuta, ya duba agogo ya rubuta minti nawa aka ɗauka kafin a samo mai makulli. In zai biyo ta wajenmu ya taho da takunkumi saboda ƙura.

Wassalam. Naku,
Wani malamin ƙaramar sakandare, daga Kano.