Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Kumburin Cikin Nan

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Mahaifiyarka ce ta hana ni sakat sai na rubuto. Mai ɗakinka ta shaida mata cewa wata uku ke nan cikinka na kumbura, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi zuwa, kuma ka rame har wandunanka sun yi maka yawa. Kada ka ga laifinta, alheri ta yi maka. Na san kunya ba za ta bar ka ka faɗa mini da bakinka ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Bari in fara kwantar maka da hankali. Iskar ciki ba ta jawo ciwon daji. Wata iskar muna haɗiye ta ne wajen ci da sha cikin gaggawa, wata kuma ƙananan halittun da ke zaune a babban hanji ne ke samar da ita idan suna aikin abin da bai gama narkewa ba, irin su wake da albasa da kabeji, ko madara ga wanda ba ta karɓe shi ba. Lafiyayyen mutum kan fitar da iska fiye da sau goma a rana. Wanda ya ci alale da rana ya kwana ciki na ƙugi, ba abin tashin hankali ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne naka ya sake salo, ya daɗe, kuma bai zo shi kaɗai ba.

Ka tuna Baffanka, Allah Ya jiƙansa. Haka ciwon dajin hanjinsa ya fara. Kullum bayan Isha sai ka gan shi a zaure ya kwance tazuge yana shafa ciki, an jiƙo masa kanwa a kofin silba. Da ya fara ganin jini a bayan gida sai kowa ya ce basir ne, har da ni. Ni da hannuna na sayo masa jiƙe-jiƙe cike da gora wajen masu lasifika a kasuwa. Shekara guda muna haka, tafin hannunsa ya yi fari fat, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta. Sai daren da cikin ya ɗaure tamau kamar ganga, ba iska ba bayan gida, yana ta amai, sannan muka kai shi asibiti. Likita ya zana mini hanji a bayan takarda, ya nuna mini inda ƙarin ya girma ya matse hanya. Ya ce shi ya sa iska ke taruwa a bayansa, shi ya sa kuma bayan gidan ke fitowa siriri. A lokacin cutar ta riga ta kai hanta. Har yau in na wuce ta zauren nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda, amma an umarce mu da neman magani, mu kuwa mun nema a inda ba nan ba.

Bayan rasuwarsa na je an duba ni, abin da ban taɓa gaya muku ba ke nan. An ba ni ruwan wanke ciki na sha tun daren, washegari aka sa siririn bututu mai kyamara a kai aka leƙa hanjin duka. An sami ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, aka cire shi nan take. Irin wannan tsiron kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama daji, in ma zai rikiɗe. Da la'asar ina gida ina shan kunu.

Kada ka ce shekarunka 38 ne kawai. Ɗan fim ɗin nan na Amurka, Chadwick Boseman, cutar nan ce ta yi ajalinsa a 2020 yana da shekara 43. A can ma a 2021 sun sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, wanda kuma ke da ita a dangi ana so ya fara da wuri. Kai ga Baffanka, ga abin da aka cire mini, ga kuma alamomi a jikinka. Mai yiwuwa tsutsar ciki ce ko wani abu mai sauƙi, haka nake roƙon Allah, amma likita ne zai faɗa bayan ya duba, ba mai kemis ɗin unguwa ba.

Ka daina shan farin maganin kumburin cikin nan haka kawai. Ka lura da bayan gidanka, ko da jini, ko ya yi baƙi, ka kuma rubuta ranar da abin ya fara. Ka rage tsire da kilishin dare, ka koma wa zogale da ramar da aka raine ka da su.

Ka ɗauki hutu ka zo gida ranar Lahadi. Litinin da asuba za mu tafi asibitin koyarwa na Shika tare, ni zan zauna a waje in kana jin nauyina. Ka taho da duk magungunan da kake sha a leda, likita zai so ya gani.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka lafiya.

Mahaifinka.