Zuwa ga Yaya, kan tafiyarmu a jirgin ruwa da maganar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya ƙalau, kai da iyali da duk mutanen gida. A miƙa mini gaisuwa ta musamman ga Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mu ma nan Italiya lafiya lau muke, ni da maman yara da yaran, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maimakon saƙon murya da muka saba shi ne hotunan nan na jirgin ruwa da na turo. Na ji sun tada ƙura. An ce hankalin Hajiya ya tashi, wai na kwashi jikokinta na kai su tsakiyar teku. Wasu kuma sun ce na yi kuɗi ina ɓoyewa. Wanda ya fi damuna shi ne Auta, da aka ce tun da ya ga hotunan ya ƙara ƙaimi kan maganar tafiya, har yana cewa ko ta Agadas ne sai ya shigo Turai. To ga yadda abin yake. Ka karanta wa Hajiya abin da ya dace da ita, sauran kuma ka zaunar da Auta ya ji da kunnensa.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Irin wannan jirgin yawon hutu farashinsa yana faɗuwa da zarar hutun watan Agusta ya wuce, mu kuma tun watanni kafin nan muka kama wuri muna biya kaɗan-kaɗan. Ɗakin da muka ɗauka shi ne mafi araha, na can ciki, ko taga babu. Abinci da wurin kwana suna cikin kuɗin, amma intanet da lemo da motar zagaya gari duk daban ake biya, ga kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kullum. Ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki. Kati ɗaya ake ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi kake sayayya, sai ranar sauka a kawo maka lissafi. Wanda bai iya kama hannunsa ba, a ranar yake ganin ta kansa.

Daga tashar Jenowa muka tashi. Yaya, hoto bai nuna girman abin nan ba. Tsawonsa ya haura mita 300, wato ka jera filin ƙwallo uku, hawansa kuma ya fi goma sha biyar. Fasinja sun haura 5,000, ma'aikata sun fi 1,000 nesa ba kusa ba. Akwai asibiti da likita, akwai shaguna, da ɗakin wasan kwaikwayo, da wurin wasan yara, da wuraren ninkaya a can sama. Ruwan sha ma su suke yin abinsu: na tekun suke ja, injuna su raba shi da gishiri, da shi ake wanka da girki. Yawanci da dare ake tafiya, gudun da bai kai kilomita 40 a awa ba, gari na wayewa sai ka ga wani birni ta gabanka. Abin da ban gaji da kallo ba shi ne shiga tasha. Ƙaramin jirgi ne zai taso daga gari ya manne da namu ana cikin tafiya, wani mutum ya kama tsani ya hau. Shi ne ɗan gari da ya san hanyar ruwan wurin, shi zai tsaya kusa da kyaftin har a ɗaure jirgi. Duk girman kyaftin, a bakin garin wasu sai ya saurari ɗan gari.

Ka gaya wa Hajiya cewa kafin jirgi ya motsa sai da aka koya wa kowa, har yara, yadda ake sa rigar ceto, aka nuna mana inda za mu taru idan an busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa, ana duba katin mutum ɗaya bayan ɗaya. An tsananta wannan ne bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo a nan Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali wasu fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu wannan horon ba. Kwale-kwalen ceto kuwa ga su nan jere a gefe da gefe, kowanne da rufi da inji. Dare ɗaya ne teku ta nuna mana halinta, tsakanin Basalona da Marsai, inda wata iska mai ƙarfi take saukowa daga kudancin Faransa. Jiri ya kama maman yara, aka ba ta ƙwaya, ta haɗa da shayin citta, da safe ta warware. Yaran ko a jikinsu.

Na san za ka tambayi salla da abinci. Abinci dai mun tsaya ga kifi da ƙwai da taliya da shinkafa da kayan lambu, kuma kafin mu ɗiba sai mun tambaya, domin mutanen nan suna sa naman alade da giya a girkin da ba ka zata ba. Akwai mashaya da gidan caca a ciki, shi gidan cacar ba a buɗe shi sai jirgi ya bar tasha. Mun san hawan da suke, muka riƙa bin wata hanya. Alƙibla ce ta ba ni aiki. Na'urar nuna alƙibla ta waya rikicewa take yi saboda ƙarfen jirgi, sai na koma ga talabijin ɗin ɗaki, wadda take nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba. Daga nan nake auna kudu maso gabas. Ƙasaru muka riƙa yi, amma ban haɗa salloli a kan ruwa ba, tunda a karatunmu na zaure an ce a Malikiyya rangwamen haɗawa na matafiyin tudu ne. Ka tambayar mini Malam ko na riƙe daidai.

Abin da ya sosa mini rai a wurin cin abinci shi ne ɓarna. Tun asuba har tsakar dare abinci a shimfiɗe yake, kowa ya ɗebi son ransa. Sai ka ga mutum ya cika faranti ya yi tozo, ya ci loma uku ya tashi, a kwashe a zubar. Na hana yarana wannan tun ranar farko. Wanda ya san yadda ake auna hatsi a gidanmu idan damina ta yi nisa ba zai iya kallon wannan ya yi shiru ba.

A garuruwan da muka tsaya, Falermo ta tsibirin Sisili ce ta fi shiga raina. Musulmi sun mulki birnin daga shekarar 831 har zuwa 1072, kuma sawunsu bai goge ba. A inda babbar cocin garin take a yau, masallaci ne a da, har yanzu akwai ayar Alƙur'ani a sassaƙe jikin wani ginshiƙi a bakin ƙofarta. Na ɗaga babban yaron ya gani da idonsa. A birnin ne kuma malamin nan Al-Idrisi ya kammala taswirar duniya a 1154, wadda ya sa kudu a sama, Afirka a bisa Turai. Kasuwarsu ta Ballaro cike take da baƙaƙen fata, ana sayar da kuɓewa da doya da manja. Basalona da Marsai ba mu yi nisa ba, mun zaga da ƙafa muka dawo.

Daga Falermo muka wuce Malta, muka shiga tashar Baleta da hantsi, ganuwar dutse ta kewaye mu ta ko'ina. Da yamma jirgi ya juya ya nufi Sifen. Bayan isha'i ina duba taswirar nan don alƙibla sai idona ya faɗa kan wani ɗan ɗigo a hagunmu, an rubuta Lamfedusa, wani ƙaramin tsibirin Italiya. Ƙasa da shi kuma ga gaɓar Tunisiya da Libiya. Yaya, sai jikina ya yi sanyi. Na fita na hau can sama na tsaya a bakin ƙarfe. A bayana ana kiɗa ana rawa, fitilu kamar rana. A gabana kuwa baƙin ruwa ne, ba ka ganin inda ya ƙare, ga iska mai yanka fata. A kan wannan ruwan ne ake loda 'ya'yan mutane fiye da ɗari a kwale-kwalen roba, ba rigar ceto, ba matuƙin kirki, man da ba zai kai su ba. Ranar 3 ga Oktoban 2013 mutum fiye da 360 suka nutse ana hango Lamfedusa, har Italiya ta mayar da ranar ta tunawa da su duk shekara. A watan Afrilun 2015 jirgi ɗaya ya tafi da kusan mutum 800. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka mutu ko suka ɓace a wannan hanyar tun daga 2014 sun haura 20,000, ban da waɗanda hamada ta cinye kafin su ga ruwan, ban da waɗanda ake tsare da su a Libiya ana kiran iyayensu a turo kuɗin fansa.

Akwai wani ɗan Zangon Kumasi da muke aiki tare, ta nan ya shigo. Da na ce masa za mu hau jirgin ruwa hutu, kallona kawai ya yi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekarunsa da yawa a ƙasar nan, amma ko bakin teku ba ya zuwa. Shi ya tsira. Waɗanda suka taso tare ba duka suka iso ba, kuma har yau akwai uwar da take kiransa tana tambayar ɗanta. Ba na son Hajiya ta zama irin wannan uwar. Na san an soke dokar hana safarar baƙin haure a Nijar a ƙarshen 2023, motoci sun koma tashi daga Agadas a fili, kuma na san masu zuga samari suna kafa hujja da haka. Soke doka bai rage faɗin Sahara ba, bai kuma rage zurfin tekun nan ba.

Sai dai ban ce Auta ya zauna ya naɗe hannu ba, domin na san abin da ke korarsa. Shi ya sa na riƙa jan ma'aikatan jirgin da hira. Mafi yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, akwai kuma 'yan Afirka jefi-jefi. Wanda yake gyara mana ɗaki Musulmi ne ɗan Indonesiya, da ya ga darduma sai ya yi mini sallama, daga nan muka saba. Ya ce kwantiraginsu watanni ne a jere ba ranar hutu ko ɗaya, aikin yini ya kan haura awa goma, suna kwana bibbiyu a ƙananan ɗakuna can ƙasa inda fasinja ba ya zuwa. 'Yarsa ta fara tafiya yana kan ruwa, a waya ya gani. Aiki ne mai wuya ƙwarai, kuma duk jin daɗin da muka yi a kan wuyansu yake. Amma da fasfo ɗinsa ya fito, ci da kwana ba ya biya, albashinsa kusan duka gida yake tafiya, idan kwantiragi ya ƙare kamfani ne zai saya masa tikitin jirgin sama ya koma wurin iyalinsa.

To idan Auta da gaske yake, ga hanya. Ya gyara Turancinsa sosai. Ya nemi aiki a otal ko gidan abinci na kirki, ko a Kano ko Abuja, ya samu shekara ɗaya ko biyu da takardar shaida, domin ita suke fara tambaya. Sannan akwai horon kare kai a teku da ake kira STCW, wanda ba mai aiki a jirgi sai da shi, da littafin ma'aikacin jirgin ruwa da NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, take bayarwa. Idan kuma ɓangaren inji ko tuƙi yake so, akwai makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta tarayya a Oron, jihar Akwa Ibom. Abu ɗaya ka ja masa kunne a kai: yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci, in ban da abin da zai kashe na fasfo da gwajin lafiya da littafinsa. Duk dillalin da ya ce a kawo miliyan kaza zai sa shi a jirgi, ɓarawo ne, kada a ba shi ko sisi. Ban yi masa alkawarin za a ɗauke shi ba, masu nema suna da yawa. Amma ko bai samu jirgi ba, sana'ar tana hannunsa.

Kuɗin horon da na makarantar Turanci ni zan ɗauka, in sha Allahu, da sharaɗin ya zo gabanka da gaban Hajiya ya yi alkawarin ya bar maganar Agadas. Kada ka yi masa faɗa, Yaya, ka san halinsa, in an matsa masa sai ya ƙara taurin kai. Ka bar shi ya karanta da kansa, sannan ka sa ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, lokacin ina gida.

Ƙarshen wata zan turo na maganin Hajiya tare da na gyaran rufin ɗakin Gwaggo, ka sa a fara neman mai aikin tun yanzu. Maman yara tana gaishe da matarka, yara suna gaishe da kakarsu da 'yan uwansu. A gaishe mini da Kawu, da Malam, da duk maƙwabta. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Naka ƙane.