Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kansilan Mazaɓarmu

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a?

Kullum da sassafe ƙofar gidanka cike take. Wannan matarsa ta haihu, wancan ya riƙo takardar magani, ga samari suna "Honorabul, a ba mu na shayi." Kana bayarwa gwargwadon hali, Allah Ya saka da alheri. Amma fa ba wannan aikin muka tura ka ba.

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma, Jadawali na Huɗu kuma ya ɗora mata kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, magudanan ruwa da kwashe shara, har da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kai ɗan majalisa ne. Kasafin kuɗi sai ya bi ta gabanku, kuma kuna da hurumin tsare ciyaman da tambaya. Kansilan da ciyaman zai aika sayo goro ya tafi da gudu, wa zai tsare?

Zo ka leƙa magudanar bakin kasuwa. Ledar fiyawata ta cika ta maƙil, ruwan ya yi kore, sauro ya samu gida. Da zarar an yi ruwan sama, masu tumatir sai su ɗora kwandunansu bisa bulo, 'yan makaranta su naɗe wando su ratsa. Duk da haka ranar kasuwa mai yankan tikiti ba ya fashi, har tsohuwa mai daddawa sai ta biya. Ina kuɗin nan suke zuwa? Ka taɓa tashi a zauren majalisa ka nemi a kawo lissafinsu?

Na san amsar da aka saba ba mu: kuɗi suna can asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, sai abin da gwamna ya sako. Da gaskiya a ciki. To amma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Ko da an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, yanzu kuna da madogara. Kuɗin kasuwa da na tasha kuwa can ma ba daga Abuja suke zuwa ba.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Ka karɓo kwafin kasafin bana, a liƙa abin da ya shafi mazaɓarmu a ƙofar mai unguwa. Ka kira taro duk bayan wata uku, a ware wa mata nasu lokacin, don su ne ke bin layin burtsatse da na asibitin sha-ka-tafi. Magudanar nan kuma a yashe ta kafin damina. Samarin unguwa sun ce in aka kawo shebur da motar kwasa, su za su shiga.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mazaunin mazaɓarka